Kafin ka sayi na'urar kafe, tambayi kuɗin kwansonta

A ƴan shekarun nan wani sabon kaya ya samu wuri a shagunan kayan lantarki na manyan garuruwanmu, kusa da fanka da firji da tukunyar dafa shinkafa. Ƴar na'urar haɗa kafe ce mai aiki da kwanso, wanda masu shago ke kira kafsil. Da can sai a otal ko ofisoshin ƙungiyoyin ƙasashen waje ake ganinta. Yanzu ta fara shiga gidajen ma'aikata irina. Shekara uku ke nan ina da ita a gida nan Maraɗi, kuma kusan duk abokin aikin da ya gan ta sai ya ce, "Mushe, in saya?" Amsar ba ta shiga cikin gaisuwar bakin ƙofa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta a tsanake.

Mu fara da yadda take aiki, don nan ne bambancin yake. Kafen da muka saba sha wajen mai shayi gari ne da aka riga aka dafa aka busar a masana'anta, sai a zuba masa ruwan zafi ya narke. Shi ne irin Nescafé, wanda ya fito kasuwa tun 1938. Esfireso kuwa niƙaƙƙen ƙwayar kafe ne da ake tura ruwan zafi ya ratsa shi da ƙarfin tsiya cikin ƴan daƙiƙu, ya fito kaɗan, da kauri, da kumfa mai launin ƙasa a samansa. Mutanen Italiya ne suka ƙirƙiro shi, kuma na'urar da Luigi Bezzera ya yi wa rajista a Milan a 1901 tana cikin na farko. Aiki ne da ke son gwaninta: niƙa, awo, dannawa. Wani injiniya na kamfanin Nestlé a ƙasar Suwizalan, Eric Favre, shi ya yi dabarar rufe awon kofi ɗaya cikin ɗan kwanso a 1976, aka fara sayar da shi da sunan Nespresso a 1986. Cikin kwanson akwai kafe kamar giram 5. Ka saka shi, ka rufe, na'urar ta huda shi, famfonta ya tura ruwa da matsin da ya kai bar 19, wato kusan ninki 19 na nauyin iskar da ke kanmu. Abin da ke sauka a kofi mililita 40 ne, bai wuce cikin ƙaramin kofin shayi ba. Daga kunnawa zuwa kurɓa, minti ɗaya da ƴan kai.

Duk malamin da ya taɓa sayen firinta ya san irin wannan ciniki. Firintar da araha, tawadarta ce ke cin albashi. Haka abin yake a nan. Ƙaramar na'ura a Faransa tana kewayen euro 100, wato kamar jaka 65 na kuɗinmu, tunda euro ɗaya sefa 656 ne. Kwanso ɗaya kuma yana kewayen santim 45, kusan sefa 300, dala 60 ke nan. Mai shan biyu a rana zai kashe jaka 18 a wata. Kafin wata huɗu ya cika, kuɗin kwanso ya haura kuɗin na'urar, a shekara kuma ya wuce jaka 200. In ka mai da shi kilo, kwanso 200 ne ke yin kilo ɗaya, jaka 60. Wannan fa farashin can ne, kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin mota da na kwastan da ribarsa. Kowane mai iyali ya san abin da jaka 18 ke yi a kasuwar hatsi. To wanda bai yi wannan lissafi ba tun a shago, zai yi shi a gida, a gaban uwargida.

Saboda haka shawarata ta farko ita ce a bar kallon launin na'ura da ƙyallinta, a zaɓi kwanso tukuna. Iri uku ne aka fi cin karo da su, kuma kwanson wannan ba ya shiga wancan. Akwai Nespresso na asali, mai ƙaramin kwanson alminiyon. Akwai Vertuo da ya fito a 2014, kwansonsa kamar rabin ƙwallo, da wasu alamu a gefensa da na'urar ke karantawa kafin ta yi aiki. Akwai kuma Dolce Gusto na 2006, mai babban kwanson roba, wanda ke yin har da kafe da madara da cakulan. Ni na asalin na ɗauka, kuma dalilina ɗaya ne. Tun wajen 2012 kariyar mallakar fasaharsa ta fara ƙarewa, kamfanoni da dama irin su L'Or da Lavazza suna yin kwanson da ke shiga cikinsa. In wannan ya yanke, ka samu wancan. In wannan ya yi tsada, ka koma ga mai sauƙi. Mai shago ya nuna maka na'ura, ka ce ya nuna maka kwanso. In ya ce yana hanya, ka ce kai ma kana hanya.

Ba wasa nake yi da maganar hanya ba. Mu ƙasa ce da ba ta da teku. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakoki, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. A lokacin ana maganar magani da shinkafa, ba wanda zai tsaya kukan kwanson kafe, kuma ni ma ban yi ba. Amma na'urata ta yi watanni a lulluɓe kan tebur, lafiyarta lau, ba ta da abin ci. Abin da ya cece ni daga baya shi ne wani kwanson ƙarfe da ake cikawa da hannu, a wanke, a sake cikawa. Yana son garin kafe mai laushi, yana son haƙuri, kuma abin da yake fitarwa bai kai na masana'anta kauri ba. Sai dai ya raba ni da jiran mota. Duk wanda zai sayi na'urar a ƙasar nan, ina ganin ya haɗa da shi tun ranar farko.

Sai maganar wuta. Waɗannan na'urori ƙanana ne a ido amma suna jan wat 1,200 zuwa 1,500 lokacin da suke ɗumama ruwa. Ba su daɗewa suna ja, don haka ba su ne za su kumbura takardar kuɗin wuta ba. Matsalar tana wajen ƙarfin da suke nema a lokaci ɗaya. Gidan da mitarsa ke tsayawa a amfiya 5, iyakarsa wat 1,100 ne a kan bolt 220, ka ga da ka kunna sai wuta ta yanke. Ƙaramin janareto da ƙaramin sola na fitila da cajin waya su ma ba su iya ɗaukarta. In ta hannu ce za ka saya, juya ta ka karanta gindinta. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take so, in ka sa ta a bangonmu ta ƙone nan take. Wadda ta biyo ta Kano kuma sau da yawa kan wayarta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, sai ka nemi abin haɗi mai kauri, ba irin na cajin waya da ke narkewa ba. Ni dai ba na barin ta a jone. Da na gama na zare, don dawowar wuta bayan an ɗauke ita ce ke kashe kaya, musamman a watannin zafi.

Ruwa ma yana da nasa. Dubi cikin butar da aka daɗe ana tafasa ruwa a ciki, za ka ga wani farin abu ya maƙale kamar ƙasa. Shi ɗin ne ke taruwa cikin siririn bututun na'urar har ya shaƙe ta. Alamarsa kafe ya riƙa ɗiga da ƙyar, ko ya fito ba zafi sosai. Ina wanke cikin tawa duk wata uku da maganin da aka yi don haka, sannan in bi da ruwa zalla tanki biyu. Kada a zuba mata ruwan randa mai laka sai an tace. Kada a bar ruwa ya kwana biyu a tankin cikin zafin Afrilu. Ɗan akwatin da tsohon kwanso ke faɗawa a ciki kuma a zubar da shi kullum, in ba haka ba ya yi fumfuna ya kira kyankyasai. Lokacin hunturu ina rufe ta da wani tsohon ɗankwali saboda ƙura. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mai karatu zai ce, to duk wannan ɗawainiya don me? Don minti talatin na bayan sallar asuba. A lokacin ne nake duba littattafan yara da shirya darasin ranar, gida shiru, ba wanda ya tashi hura wuta. Kafin in samu na'urar, ko dai in tada uwargida, ko in tsaya hura gawayi, ko in yi aikin da nauyin ido. Yanzu kofi ɗaya ya ishe ni har a tashi tara. Na sa wa kaina doka: ɗaya a rana, ranakun lakwal kawai. Asabar da Lahadi da hutu ba ruwana da ita. Hakan ya tsai da kuɗin inda albashina zai iya, ya kuma tsai da shan inda jiki zai iya. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na sinadarin kafeyin a rana, mai juna biyu kuma 200. Kwanso ɗaya na esfireso yana ƙasa da haka nesa, amma a tuna shayin da muke sha da goron da muke ci su ma suna ɗauke da shi. Mai hawan jini ya fara tambayar likita.

Akwai kuma abin da babu shi a takardar bayanin na'urar, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi. An ƙera ta ne don mutum ɗaya mai sauri. Mu kuwa abin shanmu na taro ne. Shayin fada ana ɗora ƴar buta kan gawayi, a yi na farko mai ɗaci, a yi na biyu, a yi na uku mai zaƙi, awa biyu ana hira, wanda ya zo wucewa ma a miƙa masa kofi. Ganyen dala kaɗan da sukari sun shayar da mutum takwas. Wata rana kawuna ya zo daga ƙauye, na haɗa masa kofi don in girmama shi. Ya kurɓa sau biyu ya ƙare, ya yamutsa fuska, ya riƙe kofin yana jira. Can ya ce, "Ɗana, na farkon ya yi. Ina na biyu?" Na ce, "Kawu, wannan ɗaya ake yi." Ya ajiye kofin ya ce, "To ai wannan magani ne, ba abin baƙo ba." Muka yi dariya, na aiki yaro ya kawo gawayi, muka zauna har la'asar.

Gaskiya ya faɗa. In baƙi huɗu suka shigo ka kunna musu na'ura, ka kashe fiye da jaka guda cikin minti biyar, kuma ba a zauna ba. In ka ƙi kunnawa alhali suna ganinta kan tebur, ka zama marowaci a gidanka. Wannan ƙaramin abu yana iya sa mutum ya fara ƙirga baƙinsa, abin da iyayenmu ba su koya mana ba. Maganin da na samu shi ne na raba musu aiki. Na'ura tana cikin ɗaki kusa da littattafai, buta tana zaure. Wanda ya nemi ɗanɗana esfireso don sha'awa ina yi masa da farin ciki, amma tarbar baƙo ta buta ce.

Saura tsohon kwanso. A Turai akwai wuraren da ake mai da shi don a narkar. Mu a nan in ka jefa shi a bola, ya bi sahun ledar da ta riga ta cika mana magudanai. Ni ina farke shi da wuƙa, in zuba dusar kafen a gindin zogalen da ke tsakar gida, in wanke alminiyon in tara a gwangwani. In ya taru sai in ba masu zuba tukwane, waɗanda da ma gwangwanin lemo da tarkacen alminiyon suke narkarwa. Kwanson roba ba ya shiga wannan hanya, wani dalili ke nan da ya sa na fi son na alminiyon.

To, in saya ko kada in saya? In kai kaɗai ke shan kafe a gidanku, kana da wutar da za ta ɗauke ta, ka san shago biyu aƙalla da ke kawo kwansonta, kuma ka ware kuɗinsa a wata ba tare da ka taɓa na cefane ba, saya, za ka ji daɗinta. In ɗaya daga cikin waɗannan ya rasa, akwai ƴar tukunyar kafe ta Italiya da ake kira moka, wadda Alfonso Bialetti ya fitar a 1933. Ba ta son lantarki, ba ta son kwanso, tana hawa kan gas ko gawayi, ba ta da famfon da zai lalace, kuma kowane garin kafe ka samu ta karɓa. Kafenta bai da kumfar esfireso, amma yana da ƙarfi, kuma babbarta tana cika kofi shida a tashi ɗaya. Ga yawancin gidajen malamai da na sani, ita ce daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya sa mu san abin da aljihunmu zai iya, ya kuma ƙara mana baƙi.