Wai me nake yi da ake biyana?

Yau da safe aka kira ni ofis. Ba zan faɗi sunan wurin ba, kuma waɗanda suka sani don Allah kada su rubuta shi a ƙasa. Manaja ya buɗe fayil ya ce, "Malam, wata tara ke nan janareto bai tsaya ko sau ɗaya ba. To wai me kake yi da muke biyanka duk wata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai abin da ka faɗa ɗin nan shi nake yi." Ko murmushi bai yi ba. An zaftare kuɗin kwangila, an ce daga yanzu sai an kira ni zan zo.

Na dawo gida raina a ɓace, na tarar da ɗan yayata a tsakar gida yana latsa waya. Ya gaji da jin ina yabon Nnamdi Asomugha, tsohon ɗan ƙwallon Amurka, shi ne ya je ya binciko. Ya ce, "Kawu, mutumin nan naka shekara goma sha ɗaya yana wasa, jifa 15 kacal ya cafke. Ai kuɗin banza ya ci." Wallahi ji na yi kamar manajan ne ya biyo ni gida ya sa gajeren wando.

Waɗanda suka daɗe da ni a nan sun san shekarun da na yi ina tuƙin tasi a Oakland, can Kalifoniya, kafin in dawo in kama gyaran inji. A bakin fasinjoji da rediyon mota na koyi ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu ana sanye da hular kwano. Ni ba koci ba ne, amma abu ɗaya na gane sarai, shi ne aikin masu tsaron baya, musamman wanda ke tsayawa can gefe, wanda suke kira konabak.

Ga yadda abin yake. Kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya. Mai jifa yana neman abokinsa da zai ruga ya cafe ƙwallo. Shi kuma konabak an haɗa shi da wannan mai gudun, sau da yawa su biyu kaɗai. Mai gudu ya san inda zai karya kwana, mai tsaro bai sani ba. Mai gudu yana fuskantar gaba, mai tsaro da baya da baya yake fara nasa gudun. Doka ta yarda ka tokare shi da hannu a yadi biyar na farko, daga nan ba dama. In ka riƙe shi ƙwallo na sama, alƙali ya jefa tuta, a kawo musu ƙwallo daidai inda ka yi laifin. Ka tsare mutum sau hamsin, kyamara tana wani wajen. Ya kuɓuce maka sau ɗaya, shi za a yi ta maimaitawa har mako ya zagayo.

To Asomugha, iyayensa Inyamurai ne, an haife shi a Louisiana a 1981, ya tashi a Los Angeles, ya yi jami'a a Berkeley. Raiders, kulob ɗin Oakland a lokacin, suka ɗauke shi a 2003, mutum na 31 a zaɓen shekarar. Kaka uku ta farko bai cafke jifa ko ɗaya ba. A 2006 sai ya cafke takwas. Daga nan lissafin ya koma haka: 2007 ɗaya, 2008 ɗaya, 2009 ɗaya, 2010 babu. Wanda ya kalli takarda zai ce mutumin ya lalace. Amma a shekarun nan ne aka zaɓe shi wasan taurari sau uku a jere, daga 2008 zuwa 2010, aka sa shi a sahun farko na gwanayen NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a 2008 da 2010, kuma a 2009 kulob ɗin ya ba shi kwangilar shekara uku ta sama da dala miliyan 45. Mahaukata ne suka biya? Masu jifa ne suka daina jefawa wajensa. Sai a ƙare wasa ƙwallo ba ta nufi gefensa ba fiye da sau ɗaya ko biyu. Me zai cafke, iska?

Wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san wannan. Gwani ya fito fili ya miƙa hannu, 'yan ɗaya ɓangaren kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran zare. A tashi bai yi kisa ba. Sai baƙo da bai san garin ba ya ce, "Wannan ai bai kashe kowa ba yau." Mutanen gari su yi shiru su bar shi da wautarsa.

Na san abin da wasunku za su rubuto: "To Philadelphia fa?" Ban manta ba. A 2011 Eagles, kulob ɗin Philadelphia, suka ba shi dala miliyan 60 na shekara biyar, aka yi ta kururuwa, ƙarshe suka ci takwas aka ci su takwas. Shekarar da ta biyo huɗu kawai suka ci cikin goma sha shida, aka sallame shi a farkon 2013. Ya leƙa San Francisco ya buga wasa uku, ya ajiye hula a ƙarshen shekarar. Bai yi kyau a can ba, ba na musu. Shekarunsa sun kai talatin, ƙafa ta fara nauyi. Sannan mutumin da ya saba manne wa mutum ɗaya kamar ƙaska, sai aka riƙa sa shi gadin yanki, ga shi wanda aka ba ragamar masu tsaro ya shafe shekaru yana horar da ɓangaren hari ne. Amma ku duba abin mamaki: shekarar farko a Philadelphia jifa uku ya cafke, daidai da abin da ya tara a shekara huɗun da ake tsoronsa. Lambar ta hau ne ranar da tsoron ya sauka. In da lamba ce ma'auni, sai mu ce a can ya fi iyawa.

Wani kuma zai ce kaina nake karewa na fake da ɗan ƙwallo. Eh, kaina nake karewa, laifi ne? Shi an biya shi miliyoyi, ni kuɗin cefane ake ja da ni. Ku bari in gaya muku abin da ke cikin wata taran nan. Duk awa 250 ina juye baƙin mai in canza filta. Ina tsiyaye ruwan da ke kwanciya a gindin tankin gas, don gas ɗin da ake sayarwa yanzu sai addu'a. Lokacin hunturu duk mako ina busa lagireto, ƙura na toshe shi inji ya ɗau zafi. Ina goge kan batir, in taɓa bel in ji ko ya saki, in tsaya in saurari ƙarar injin minti goma ban ce komai ba. Wannan tsayuwar ce aka kai rahoto wai ina zuwa ina zaman banza. Da na bar shi ya buga, hayaƙi ya turnuƙe, na zo da daddare na kwana a kansa, da yanzu ana ce mini injiniya.

Abin da ke ci mini rai ke nan, mun fi girmama mai kashe gobara a kan wanda ya hana ta tashi. Muna cewa rigakafi ya fi magani, amma wa muke biya? Maigadin da aka shekara ba a yi sata a layinsu ba, shi ake fara cewa a rage masa. Matasan da suka yashe kwata kafin damina, ba wanda ya san sunansu, tunda ruwa bai shiga ɗakin kowa ba. Matar da gidanta ba a taɓa jin kansu ba, sai ka ji miji na cewa ai ba ta aikin komai. Jama'a mu ji tsoron Allah. Zaman lafiyar da kake ciki wani ne ya tsaya a kanta, kuma haƙƙinsa na wuyanka ko ka gan shi yana gumi ko ba ka gani ba.

Asomugha shekara takwas ya yi a Oakland, kulob ɗin bai taɓa gama kaka da rinjayen nasara ba, shi kuma bai taɓa taka wasan zagayen neman kofi ba. Duk da haka ranar Lahadi sai ya fito ya rufe gefensa. Yanzu fim yake yi, Allah ya ba shi sa'a.

Na ce wa yaron nan ya ajiye teburin lambobi ya nemo bidiyon wasa guda na 2008, ya ƙirga sau nawa mai jifa ya kalli gefen nan ya ɗauke kai. Ya ce zai duba.

Ni kuma awa 250 za ta cika ranar Alhamis. Na rubuta da alli a ƙofar ɗakin injin kafin in fito. An ce sai an kira ni, to wayata a kunne take.