Mai Ƙahon Amurka a Ƙasarmu

Mu da muka tashi tsakanin Boɗinga da Shagari mun san kakaki na sarki ne, ba a busa wa talaka. Shi ya sa hoton nan na 1960 yake ba mu mamaki: Sardauna, mutumin Rabah, tare da Louis Armstrong, baƙar fata mai busa ƙaho daga Amurka. A shekarar ya zagaya Gana da Nijeriya da makaɗansa, har Kano. A Kongo an ɗauke shi bisa kujera kamar sarki. Amma a garinsu, New Orleans, dokar 1956 ta hana baƙi da fari yin kiɗa tare, sai ya ƙi busa a can har 1965.