A Anacha Na Ga Katin Asibitin da Gara Ba Ta Ci

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, don abin da na gano a Anacha ya fi ƙarfin in bar shi a cikina.

Rakiya ce ta kai ni. Kawuna dillalin albasa ne, rabin shekararsa a Aliero, rabi a gindin gadar Neja, kuma hawan jini ya daɗe da kama shi. Da safe ya ce kansa na sarawa, in taso mu je wajen likitansa. Na ce, "Kawu, ina katinka?" Ya ce, "Wane kati?" Na ce na asibiti mana. Sai ya ɗaga 'yar wayarsa mai tocila, ya ce, "Ga katina nan, ɗana."

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san wahalar kati. Ka yi sammako ka yanka, ka bi layi, a shiga ɗakin fayil a daɗe, a fito a ce ba a gani ba, sai dai ka yanki sabo. Sabon fayil kuwa fari fat yake, bai san ka ba, bai san ciwonka ba. To ina ga ɗan kasuwar da yau yana Kebbi, jibi yana Anambra? Na san mutanen da ke da kati a garuruwa da dama, kowanne ɗauke da gutsuren labarin ciwonsu, babu wanda ya haɗa shi cikakke.

Asibitin ƙarami ne, a wani lungu ba nisa da kasuwar Bridge Head. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta tambayi lambar waya, ta danna, sai ga Kawu da hularsa a fuskar kwamfuta! Kafin in gama mamaki an auna jininsa da nauyinsa, nas ta shigar a wata faffaɗar waya, ta ce mu shiga. Babu takardar da ta bi mu.

Likitan ɗan ƙabilar Ibo ne, haifaffen Sabon Garin Kano, Hausarsa tas. Ko zama ba mu gama yi ba ya ce, "Alhaji, barka da dawowa. Ka je gida ka ajiye magani ko?"

Kawu ya ce, "Haba Likita, wa ya kawo maka tsegumina?"

"Ba kowa, Alhaji. Ga shi nan."

Ya juyo mana da kwamfutar. Wani zane ne, layi yana hawa yana sauka, awon jinin Kawu tun ranar da ya fara zuwa. Duk lokacin da yake Anacha layin na kwance ƙasa da 140 bisa 90, da zarar ya yi doguwar tafiya sai ya miƙe. A gefe ga ranar da aka ba shi magani, ga ranar da ya kamata ya ƙare, ga ranar da ya dawo. Kawu ya sunkuyar da kai yana murmushi. A can ƙasa kuma an rubuta cewa amlodipine ya taɓa kumbura masa ƙafa, shi ya sa aka canja masa wani, abin da shi kansa Kawu ya manta.

Amma inda na miƙe tsaye shi ne nan. Likita ya ce in matso in ga wani abu. Ya rubuta Fansidar kamar zai ba Kawu, sai wani jan rubutu ya faɗo ya tare fuskar kwamfutar: a dakata, jikin wannan mutum ba ya karɓar wannan magani. Ashe Kawu ya taɓa shan Septrin ya yi ƙuraje, bakinsa ya saɓule, kuma Septrin da Fansidar dangi ɗaya ne, sinadarin salfa ya haɗa su. Sau ɗaya aka rubuta, manhajar ta riƙe, kuma ko wani likitan ne ya zauna a kujerar gobe, sai ta tare shi. La'ilaha illallahu! Mutum nawa muka sani da suka kwanta saboda an maimaita masu maganin da jikinsu ya riga ya ƙi?

Ku tuna a wane gari muke. Taku kaɗan daga nan Ogbo Ogwu take, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin magani na Afirka ta Yamma, wadda hukumar NAFDAC ta rufe a 2007 zamanin Dora Akunyili, ta sake rufewa a Fabrairun 2025 saboda jabu da haramtattun magunguna. A irin wannan gari magani ya fi likita sauƙin samu. Ɗan dako ya gaji, ya je kemis a yi masa haɗi, ya watsa, gobe ya koma, ba wanda ya rubuta me ya sha. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac suna ɗaga jini, suna cin ƙoda a hankali, amma sai mai riƙe da tarihinka ne zai lura.

Da muka fito na laluba aljihu. Kawu ya riƙe hannuna, ya ce kuɗin magani kawai za mu biya, na ganin likita an riga an biya tun farkon wata. Wai shi da wasu abokan sana'arsa sun yi yarjejeniya da likitan: kowane wata kowa ya tura wani abu, ko ya yi ciwo ko bai yi ba, shi kuma ya gan su duk lokacin da suka zo, ya amsa wayarsu duk inda suke. Kamar kuɗin gadi ne a kasuwa, in ji Kawu, ana biya ko ɓarawo bai zo ba. Manhajar ce ke riƙe da lissafin wanda ya biya da wanda ake bi, ita ce ke aika saƙon tuni idan magani ya kusa ƙarewa. Har ranar Litinin ta sani, don tun da aka fara zaman gida na kowace Litinin a yankin a Agustan 2021, likitan ya saita ta kada ta ba kowa wannan rana, sai dai a yi magana ta waya.

Na koma ciki na ce, "Likita, don Allah ina ka samo wannan dabara?" Ya ce rabinta tsohuwa ce, kamfanoni sun daɗe suna ɗaukar asibiti su riƙa biya wa ma'aikatansu. Sauran rabin kuma daga Amurka ya kwaikwayo. A can akwai likitocin da suka gaji da cike takardun kamfanonin inshora, suka koma karɓar kuɗin wata kai tsaye daga hannun marasa lafiya, galibi dala 50 zuwa 100. Maimakon mutum 2,000 ko fiye, likita ɗaya sai ya riƙe kamar 600 zuwa 800, ya san kowa da sunansa. Wani likita a garin Wichita na jihar Kansas, Josh Umbehr, ya buɗe irin wannan asibiti mai suna Atlas MD a 2010, daga baya suka ƙera tasu manhajar, domin waɗanda ke kasuwa an gina su ne don cajin inshora, ba don hira da mara lafiya ba. Su can gudun inshora suke yi. Mu nan ba mu ma same ta ba: duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fita. Mun daɗe muna biya kai tsaye, tsari ne kawai babu.

Manhajojin ma ba sai an je Amurka ba. Kamfanin Helium Health, da aka kafa a Legas a 2016, yana sayar wa asibitoci irinta. Akwai OpenMRS, wadda aka fara a 2004 don masu cutar ƙanjamau a Eldoret ta Kenya, kyauta ce ga mai iya girka ta, kuma a kanta aka gina wadda asibitocin ƙanjamau da yawa ke amfani da ita a Najeriya. A Kano ma EHA Clinics na da tsarin zama mamba.

Daga ranar bakina bai rufu ba. A Inugu, garin da Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga Sifawa ta Sakkwato, ya zama magajinsa na farko a shekarun 1950, na ba da labarin a majalisar 'yan Arewa kusa da kasuwar Ogbete. Wani mahauci ya katse ni. Ya ce shi ba hawan jini ne damuwarsa ba, mai ɗakinsa ce: ta yi awo a Inugu, ta tafi gida haihuwa, katin awon ya ɓace a mota, can aka fara komai daga farko, har rukunin jininta sai da aka sake gwadawa. A Fatakwal kuwa, daga Diobu zuwa garejin manyan motoci na Eleme, direbobin tanka da masu ɗauko kwantena daga Onne suka fi kowa kama zancen. Mutumin da ke kwana a kan hanya, ga ciwon suga, ga baya, ga ido, a ina zai ajiye fayil?

A can ne kuma wani dattijon direba ya yi mini tambayar da ta sa na rage gudu. Ya ce, "Malam, in na faɗi a Zariya, likitan Zariya zai iya buɗe wannan kwamfuta ta Anacha?" Amsa ita ce a'a. Yawancin manhajojin nan ba sa magana da juna, kowane asibiti da rumbunsa. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ƙaddamar da shirin haɗa bayanan lafiya a 2024, amma kafin ya iso lungun Bridge Head akwai tafiya. Maganin yanzu mai sauƙi ne: kafin ka hau mota, ka ce a buga maka taƙaitaccen tarihinka a takarda, a kuma tura maka ta WhatsApp. Kawu yana da nasa cikin leda, tare da rasit ɗin kaya.

Sai matsalar da ke tamu ce ta kanmu. Muhammadu Sani nawa ne a zango ɗaya? Da yawanmu kuma 1 ga Janairu aka rubuta mana a matsayin ranar haihuwa. Ga canja layin waya, ga mutum uku da waya ɗaya. In ba a haɗa da hoto da laƙabi da garin asali ba, kwamfuta za ta ɗora wa wani ciwon wani, kuma ba za ta ji kunya ba. Wutar Nepa da sabis ma ba abin dogaro ba ne, don haka asibitin da ba shi da sola, ko manhajarsa ba ta aiki sai da intanet, ranar da aka ɗauke zai koma biro da takarda. Batun sirri kuwa doka na bayanka: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tilasta wa asibiti ajiye bayanan mara lafiya da rufe su, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba ka ikon neman kwafin naka.

Don haka ina kira ga Sarakunan Hausawa na Anacha da Inugu da Fatakwal, da shugabannin 'yan albasa da 'yan tumatir da mahauta da direbobi, Allah ya ja zamaninku. Kuna da rajistar mambobi, kuna karɓar kuɗin ƙungiya, kuna haɗa gudummawa in an yi rasuwa. Ku nemi likita mai rajista a kusa da ku, ku zauna da shi a yi ciniki da sunan ƙungiya, a rubuta abin da kuɗin wata ya ɗauke da abin da bai ɗauke ba, don tiyata da kwanciya ba sa ciki. Kuma kada ku sa hannu sai ya yarda a rubuce cewa duk mamban da ya nemi tarihinsa, za a buga a ba shi a ranar.