Haƙori a Cikin Madara

Akwai wani manomi a Ruwan Godiya, cikin ƙasar Faskari, yana da ɗa mai shekara 14. Ran nan da la'asar yaron ya faɗo daga kan amalanke, bakinsa ya bugi dutse, haƙorinsa na gaba ya fita duk da saiwarsa.

Kakar yaron ta ce a jefa haƙorin bisa rufin ɗaki kamar yadda a ka saba. To, wannan al'ada ta haƙoran yarinta ce, waɗanda wasu ke tsirowa a gurbinsu, kuma su ba a mai da su. Amma haƙorin girma in ya tafi ya tafi ke nan. Uban ya taɓa jin haka daga bakin wani malamin asibiti, sai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan da mu za shi Funtua."

Ya ɗauki haƙorin ta kansa, bai taɓa saiwar ba, gama jikinta akwai wata 'yar tsoka mai rai, ita ce ke kama ƙashin muƙamuƙi. In a ka kankare ta, ko a ka ƙulle haƙorin a tsumma ya bushe, kafin awa guda ta mutu. Tun 1966 wani likita na ƙasar Denmark, Andreasen, ya nuna haƙorin da a ka mayar cikin rabin awa shi ya fi kamawa. Abin da ya fi kyau a ɗauraye shi a mai da shi gurbinsa nan take, amma yaron yana kuka, ya ƙi. Sai uban ya nemi madara sabuwar tatsa ya tsoma shi ciki. Nono ba ya yi, don tsaminsa. Ruwa ma ɓata saiwar ya ke yi.

Sa'an nan ya naɗe ƙyalle mai tsabta ya ba yaron ya ciza, jini ya tsaya. A cikin mota bai bari ya kwanta rigingine ba, ya zaunar da shi ya sunkuyar da kai, don kada jini ya shaƙe shi. Direba yana ta sauri, domin ba mai son duhu ya riske shi a hanyar nan.

Da su ka isa asibiti, likita ya karɓi kwanon, ya leƙa ciki, ya tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, kana ya sa yaron ya buɗe baki.