Tsirkiya Ta Yi Tsatsa, Hannu Bai Manta Ba

In mutum ya bi gidajen Nima da Maamobi da Lagos Town ɗaki-ɗaki, ba zai rasa ganin jita kwance a kan kabad ko a ƙarƙashin gado ba, ƙura ta rufe ta, tsirkiya biyu ko uku sun tsinke. Masu ita suna nan da ransu da lafiyarsu. Kullum da safe za ka gan su a bakin titi suna jiran tortoro, kuma in ka tambaye su labarin jitar sai su yi murmushi su ce ai wannan zancen da ne. Mu da ke wannan rubutu muna cikinsu. Mu uku ne, abokai tun makarantar allo, yau dukkanmu malaman makarantar boko ne, kuma kowannenmu ya haura shekara 40. Mun ajiye jita sama da shekara 10, sa'an nan muka koma mata. Yadda aka yi ta kuɓuce mana da yadda ta dawo shi ne abin da muke so mu tattauna da ku a wannan wata.

Da farko ya kamata a san cewa ɗan Zango ba ya tashi ya tarar da jita a gidansu. Kiɗan da iyayenmu suka sani shi ne kalangu da goge a wurin biki, da kaset ɗin Mamman Shata, da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Jita kuwa a wurinsu kayan mashaya ce, kuma suna da hujjarsu. Ta bakin teku ta shigo ƙasar nan, a hannun ma'aikatan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, waɗanda ke kaɗa ta da yatsu biyu, babban yatsa da manuni. A wuraren shan bammi salon ya bunƙasa, har aka sa masa sunan kiɗan bammi. A 1928 Kwame Asare da ƙungiyarsa ta Kumasi Trio suka je Landan aka ɗauki waƙar Yaa Amponsah a faifai, kuma a kan wannan kamu nata aka gina yawancin kiɗan hailaif na jita, irin na su E. K. Nyame da Nana Ampadu. Ban da wannan, a al'adar Bahaushe kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan malam ko ɗan fatake ba a sa ran ganinsa da abin kiɗa a hannu.

Ga shi kuma mun taso a lokacin da kiɗan hannu ya shiga wani hali a Gana. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, gidajen rawa suka mutu, aka ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. Makaɗa da yawa suka tafi Jamus da Nijeriya da Ingila neman abinci, waɗansu kuma suka koma majami'u, inda kayan kiɗa suka ci gaba da samuwa. Gyaran tsarin ilimi na 1987 ya cusa darasin kiɗa cikin darasin al'adu, ya zama ba shi da wani matsayi na kansa. Saboda haka mu ba mu taɓa riƙe jita ba sai da muka shiga kwalejin horon malamai a ƙarshen shekarun 1990, inda abokan kwananmu Kiristoci, waɗanda suka koya a majami'a, suka nuna mana inda ake ɗora yatsa. A lokacin nan samarin unguwarmu sun karkata ga hiplaif, wanda ake haɗa kiɗansa da na'ura. 'Yan VIP na Nima suna cusa Hausa cikin waƙoƙinsu, har suka zama gwarzayen mawaƙan Gana na shekarar 2004, kuma duk Zango ya yi alfahari da su. Mu kuwa itace da tsirkiya suka kama mana zuciya.

Kuɗin alawus muka tara muka sayi jita ɗaya ta hannu, muna karɓa-karɓa, kafin daga baya kowa ya samu tasa. Mukan kai tsakar dare muna maimaita kamu ɗaya har yatsu su yi jawur. A zuciyarmu mun riga mun kafa ƙungiya, mun raɗa mata suna, mun hango kanmu a talabijin.

To, yaya aka yi duk wannan ya mutu? Babu ranar da wani cikinmu ya tashi ya ce yau na bar jita. Da muka gama kwaleji aka rarraba mu ƙauyuka daban-daban, kowa ya zama shi kaɗai yake kiɗa shi kaɗai yake saurare. Da muka dawo Ankara sai maganar aure ta taso, da sadaki da lefe da kuɗin hayar ɗaki na shekara biyu a dunƙule. Malamin makaranta kuwa aikinsa ba ya ƙarewa da ƙarar ƙararrawa: akwai rubuta shirin darasi, da duba littattafan yara, da ƙarin darasi da yamma don a cike giɓin albashi. Asabar da Lahadi muka sayar wa karatun digiri daga nesa, domin in ba takarda ba ƙarin girma. Abin da ya rage na lokaci kuma zumunci ya cinye shi, gama a Zango babu makon da zai wuce ba suna ko ɗaurin aure ko jana'iza, kuma wanda bai je na mutane ba, ba za a zo nasa ba.

Sa'an nan ga yanayin zamanmu. A gidan haya mai ɗaki goma, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci. Jariri yana barci, uwargida ta gaji, dattijon ɗakin kusa yana lazimi. Mahaifiyar ɗayanmu ta taɓa ce masa, "Ɗana, yanzu kai uban 'ya'ya ne, kuma Malam ake kiranka. Wannan abin ka bar wa yara." Ya ce, "To, Mma." Ba ta hana shi da ƙarfi ba, shi ma bai yi musu ba. Ya dai ɗora jitar a kan kabad da niyyar sai an kwana biyu, kwana biyun nan kuwa ya zama shekaru.

Akwai abin da wanda bai taɓa kaɗa jita ba ba zai gane ba. Mai kaɗa ta kullum yakan yi kanta a kan yatsun hannun da ke danne tsirkiya, kuma kantar nan ce ke hana shi jin zafi. In ya yi 'yan makonni bai taɓa ta ba, kantar ta tafi. Ita ma jitar ba ta jira. Iskar teku ta Ankara mai gishiri ce, tana sa tsirkiyar ƙarfe tsatsa, hunturu kuma ya busar da itacen, wuyanta ya ɗan lanƙwashe, tsirkiyoyin su yi nisa da shi, danna su ya ƙara wuya. Ranar da marmari ya taso ka sauko da ita, sai yatsu su yi zafi, sauti ya fito a dakushe. Kunnenka yana tune da yadda kake kiɗa a da, hannunka kuwa ya kasa kai wa can. Sai kunya ta kama ka, ka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ka mayar da ita inda take. Haka muka yi ta zagaye: rashin kiɗa yana kawo rashin iyawa, rashin iyawa yana kashe sha'awa, mu kuma muna zaune muna jiran sha'awa ta dawo da kanta.

Abin da ya fara tayar da mu shi ne dumso. A 2015, lokacin da ɗaukewar wutar lantarki ta yi tsanani, dare yakan yi tsawo, ba talabijin, waya ta mutu, zafi ya kori kowa zuwa tsakar gida. Jitar itace ba ta bukatar wuta. Ɗayanmu ya sauko da tasa mai tsirkiya huɗu, yaran gida suka kewaye shi, ba wanda ya damu da cewa biyu sun tsinke. Amma da wuta ta daidaita sai aka koma gidan jiya. Komawa ta sosai sai a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, kuma yawancin ɗalibanmu ba su koma aji ba sai Janairun 2021. Karo na farko tun muna samari muka samu kanmu da lokaci a hannu. Da aka ɗage dokar zaman gida a watan Afrilu muka sayo sababbin tsirkiyoyi a Zongo Lane, muka yi wa juna alkawari ta waya cewa kowa zai riƙe jitarsa minti 15 a rana, ko yana so ko ba ya so.

Makon farko azaba ce. Mako na biyu ma haka. Wajen mako na uku kanta ta fara dawowa, kuma abin mamaki, yatsu suka riƙa zuwa wuraren da kai ya manta. Daga nan ne muka lura minti 15 ta daina isarmu. Wannan shi ne babban abin da muka gano: hannu ne ke fara tafiya, sha'awa ta biyo shi a baya. Shekarun da muka yi muna jiran ta riga shi, ita ma jiransa take yi.

Abu na biyu da ya taimake mu shi ne sauke wancan buri na samartaka. Muddin muna auna kanmu da ƙungiyar da ba mu kafa ba, ɗaukar jita tuna mana asara take yi. Sai muka dubi manyan makaɗan da kansu. Koo Nimo, wanda aka haifa a 1934, sarkin kiɗan bammi na ƙasar Asante, ya yi shekaru yana aikin albashi a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na jami'ar Kumasi, yana kiɗansa a gefe. Ali Farka Ture na Mali, bayan faifansa Talking Timbuktu na 1994 ya ci kyautar Grammy, ya koma garinsu Niyafunke ya duƙufa ga noma, har sai da aka kai masa kayan ɗaukar sauti can aka yi faifan 1999, kuma a 2004 ya zama magajin garin. Ebo Taylor, ɗan 1936, yana da shekara 74 faifansa Love and Death ya fito a 2010, duniya ta sake waiwayarsa. In waɗannan sun haɗa kiɗa da gona da ofis da tsufa, mu da alli da jan biro ba mu da ta cewa.

Ga tsarin da muka tsaya a kai har yau, ko zai amfani wani. Jita ba ta komawa kan kabad. Mun kafa mata ƙusa a bango, nesa da taga, inda hannu zai kai gare ta ba sai an hau kujera ba. Bayan kiɗa a goge tsirkiya da busasshen ƙyalle saboda gumi da gishiri. Lokacinta tsakanin dawowa daga makaranta da magariba ne, a hankali, kuma da an kira salla an rataye ta. Da azumi ya kama mukan ba ta hutu, amma mun san ranar komawa tun kafin a ajiye. Sau ɗaya a wata mukan haɗu mu uku a gidan ɗayanmu, a dafa shayi, kowa ya kawo abu ɗaya da ya koya, gama sanin cewa abokai za su saurare ka yana tayar da malalaci. Game da hukuncin kiɗa a addini, malamai sun yi saɓani tun da daɗewa, kuma mu ba masu ba da fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malaminsa. Iyakar da muka sa wa kanmu ita ce kada ta ci lokacin ibada, kada ta ci haƙƙin iyali ko na maƙwabci, kada kuma ta kai mu wurin da za mu ji kunyar a gan mu.

Wani zai ce, magidanci mai 'ya'ya da bashi a kansa, me minti 15 na jita za ta ƙara masa? Mun ga abin da ta ƙara. Mutumin da ya yi shekaru ba abin da yake yi sai biyan kuɗin haya da na wuta da na makaranta, a hankali yakan zama mai saurin fushi, a gida da a aji. Iyalanmu ne suka fara faɗa mana cewa fuskarmu ta saki. Har ila yau komawa ɗalibi ta gyara mana koyarwa. Wanda ya kwana uku yana fama da kamu ɗaya ya kasa, ba zai yi saurin ce wa yaro daƙiƙi ba don ya kasa lissafi. Manhajar da aka shigo da ita a 2019 ta ba darasin fasaha wuri, har da kiɗa da rawa, amma a makarantu da yawa na unguwanninmu ba kayan kiɗa, ba mai nunawa. Yanzu mukan shiga aji da jitarmu. Yaran yau suna iya ganin darasi kyauta a YouTube, sai dai waya ba za ta kama yatsan yaro ta ɗora shi a inda ya dace ba, ba za ta kuma ara masa jita ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana da irin wannan ajiya a ɗakinka, ko jita ce, ko gurmi, ko alƙalamin zane, ko keken ɗinki, kada ka jira sai ka yi ritaya ko sai yara sun gama makaranta, domin hidima ba ta ƙarewa, wata ce ke miƙa wa wata. Sauko da ita yau, ka goge ƙurar, ka jure zafin mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa. In kuwa ka tabbata kun rabu har abada, to, ka ba wani yaro a gidanku, kada tsatsa ta gaje ta.

Allah Ya sa albarka a lokacinmu, Ya shirya mana zuriya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.