Ranar da akawal ya turje

Ina da shekara 12 doki ya kada ni gaban mutane. A garinmu ne, Birnin Lalle, kashegarin sallar layya. Kawuna yana da wani ɗan akawal, baƙi wuluk. Ni ke ba shi harawa da dusa, ni ke kai shi rijiya.

Ran nan samari suka kafa darnin kara a bayan gari, suka ce kowa ya tsallake da dokinsa. Na zaburi akawal. Da muka iso darni sai tsoro ya kama ni, na ja linzami. Doki ya turje. Ni kaɗai na tsallake, na faɗi cikin ƙarangiya. Ƴan mata suka yi ta dariya. Na tashi na ɗauki bulala, kawu ya riƙe mani hannu. Ya ce: «Kai ka ce masa tafi da ƙafa, ka ce masa tsaya da hannu. Wanne zai ji?»

Na girma kafin in san tsallake shinge da doki wasa ne babba a duniya, har a wasannin Olamfik. Shingen yakan kai metir 1 da santimetir 60. Wani mahayi ɗan Faransa, Pierre Durand, yana da baƙin doki mai suna Jappeloup. Tsawonsa metir 1 da santimetir 58 ne kawai, watau shingen ya ɗara kafaɗarsa. A 1984, a Los Anjales ta Amurka, Jappeloup ya turje gaban shinge. Durand ya faɗi, linzami ya fita, doki ya ruga abinsa. Duniya duka ta gani a talabijin. Ni dai ƴan garinmu kaɗai suka ga tawa.

Durand bai rabu da dokinsa ba. A 1987 suka zama zakarun Turai. A 1988, a birnin Seyul na Koriya ta Kudu, suka ci lambar zinariya.

Ni ma na so in sake gwadawa. Kawu ya aza mani kara ɗaya a ƙasa, kullum da marece muna ƙetarawa, sannan biyu, sannan dami. Amma a 1984 ɗin nan ruwa bai zo ba. Gero ya ƙone, harawa ta yi wuya. Kawu ya ja akawal zuwa kasuwar Dakoro, ya komo da hatsi bisa jakin aro, da sirdi a kafaɗa.