Wa ke da ikon ba da labarin mai mantuwa?

A Nuwamban 1994 tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya shaida wa 'yan ƙasarsa yana fama da cutar Alzaima. Shi ya zaɓi ya faɗa, tun hankalinsa na jikinsa. Mijin gwaggota bai samu wannan dama ba.

Gwaggo tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta haura sittin. Duk 21 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa cutar, takan shiga gidan rediyo ta bayyana cewa abin da muke kira gigin tsufa sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba sammu ko maita ba. Misalinta kullum Malam ne: yadda yake maimaita sallar da ya idar, yadda ya taɓa tambayar ta ko ita wace ce.

'Ya'yanta na ganin tonon asirin gida ne. Ni ɗan jarida ne, na fi karkata gare ta, domin na ji matan da ke kiran shirin suna kuka. Amma babbar 'yarta ta tambaye ni: Baba ya yarda? Ba mai iya jin ta bakinsa yanzu.

Bana Gwaggo ta je rediyon, ta ce "wani dattijo", ta dawo kafin la'asar, lokacin da yake fara cigiyarta.